Ruwan Idon Vernon Tackett

Duk unguwarsu a Toledo an san Vernon Tackett da abu biyu: iya gyaran injin ɗumama gida, da ruwan ido. Shekara talatin da ɗaya yana wannan sana'a, ba a taɓa kiransa ya sake aikin da ya yi ba. Amma a aike shi kanti sayen man shanu, sai abinci ya huce yana can yana karanta bayan kwali. Matarsa Marlene takan ce wata huɗu ya yi kafin ya zaɓi firij, ita kuwa shekara uku.

Bana ruwan idon ya ritsa da shi inda ba wasa. 'Yarsu tilo, Joanie, tana aure a Lisbon, can ƙetaren teku, za ta yi haihuwar fari a watan Oktoba, Marlene kuma ta rantse da ita za a yi. Matsalar ita ce bayan Marlene. Tun da aka yi mata aiki ba ta iya zaman awa biyu a miƙe, likita ya ce in ba kujerar gaban jirgi ba, wadda ake shimfiɗewa kamar gado, ta haƙura. Kuɗin wannan kujera kuwa ya fi ƙarfin mai gyaran inji.

Ƙanen Marlene, Duane, wanda ba ya rabo da dabara, shi ya kawo mafita.

"Wa ya ce maka da kuɗi ake shiga gaba, suruki? Ka buɗe babban katin bashi na matafiya, ka yi sayayyar da suka ƙayyade, su zuba maka maki. Ka tura makin ga kamfanin jirgi, ka karɓi kujera biyu. Kai ma ka miƙe dogayen ƙafafun nan, ka ji abin da masu kuɗi ke ji."

Da kati ɗaya ne da an huta. Sai aka yi rashin sa'a, katunan biyu ne. Baƙin na ƙarfe ne, makinsa ya fi yawa, amma dala ɗari bakwai ake biya duk shekara. Shuɗin ya fi sauƙi, kuma kamfanin jirgin da ke zuwa Lisbon yana karɓar makinsa. Vernon ya buga sharuɗɗansu kaf, ya baje a teburin cin abinci, har suka koma cin taliya da faranti a cinya. Tsoro ne fal cikinsa. Gani yake in ya ɗauki wanda ba shi ba, shi ne ya hana Marlene ganin jikanta. Ranar da ya tsayar da baƙin, sai ya tuna dala ɗari bakwai gabansa ya faɗi. Ranar da ya koma shuɗin, sai ya ga kamar makin ba zai kai ba. Afrilu ya wuce a haka, Mayu ya bi bayansa.

"Vern, jaririn nan fa ba zai jira ka gama karatu ba," in ji Marlene.

"Saura kaɗan, Mar. Akwai wani sharaɗi a shafi na tara."

"Shafi na tara! Allah ya shirye ka."

Sai a Yuni ya ɗauki shuɗin, shi ma don Duane ya tsaya a kansa ne. Ya riƙa sayen kayan gyara da shi, makin ya shigo a Satumba. Ya duba, ga kujera biyu ranar tara ga Oktoba. Mai hankali da a take ya kama. Amma Duane ya taɓa gaya masa cewa makin da aka tura wa kamfanin jirgi ba ya dawowa, wannan magana kuwa ta tsaya masa a rai. In Joanie ta haihu da wuri fa? In ranar sha biyu ta fi fa? Kwana uku yana buɗe shafin yana rufewa.

Ranar Asabar da safe ya tura makin. Ya koma ya duba, sai ya ga kujerun ba yadda ya bar su ba. Ya kira kamfanin, Marlene na tsaye a bakin ƙofar kicin.

"Ɗaya ta rage, yallaɓai," in ji ma'aikaciyar. "An ɗauki ɗayar jiya. Sunan wa zan..."

"Marlene Tackett. Sa yanzu."

Da ya ajiye wayar, Marlene ta daɗe tana kallonsa.

"Ba ka ce ta ba ka mako biyu ka yi tunani ba?"

Bai yi dariya ba. Kunya ce ta rufe shi, ya hau tattara takardun teburin.

Kansa ya saya wa kujerar can baya, kusa da bayi. Jirgi ya tashi, gwiwoyinsa na tokare da kujerar gaba, amma ba su ne damuwarsa ba. Ko Marlene ta gane maɓallin da ke kwantar da kujerar? Ko ciwon bayan ya motsa tana jin nauyin kiran mutane? Ana cikin haka wata ma'aikaciya ta zo da ƙaramin faranti, kek iri biyu a kai.

"Kai ne Mista Tackett? Matarka ta ce ka cinye duka biyun, kada ka tsaya zaɓe har mu sauka."

"Ta kwanta?"

"Tun ɗazu. Har da minshari."

Vernon ya sauke ajiyar zuciya, ya jingina kai. Sannan ya ɗauki cokali, ya fara da wanda ya fi kusa da hannunsa.