Malama Pyo da Furen da Ta Ƙi Sassaƙawa

Ƙarfe bakwai na safe Malama Pyo Sun-rye take buɗe shagon da ke bayan kasuwar Jongno. Ta kurɓi shayin sha'ir, ta maƙala madubin ƙara girman abu a ido, ta duƙufa kan hatimin ƙarfen da ake buga kwandalolin azurfa da shi. Shekara arba'in da ɗaya ke nan, kuma wannan watan za ta aje aiki. Damisar da kuke gani a kwandala tana murmushi kamar wawuya, aikin hannunta ce. An taɓa tambayarta dalili, ta ce, "Haka kakanninmu suka zana ta. Mai ƙarfi ce, amma ana iya yi mata dariya."

Abin da har yau yake ɗaure mana kai, mu abokan aikinta, shi ne idonta. Shekarar da za a fitar da kwandalar tunawa da 'yanci, manaja Eom Tae-sik ya kawo zanen da aka ce na furen maehwa ne, wanda ke tohowa cikin ƙanƙara, alamar mutanen da suka ƙi rusunawa. Ta duba sau ɗaya ta ture.

"Ranka ya daɗe, wannan ba namu ba ne. Dubi 'yar tsagar nan a bakin kowane kunnen furen. Sakura ce, furen Japan."

"Haba Malama, tsagar da ba ta kai ƙwayar gero ba? Saura kwana biyar. Ko ki sassaƙa, ko ki bar kujerar shugaban sashe."

"Ga ta nan, ba da ita aka haife ni ba. A makarantar su uwata, zamanin mulkin mallakar Japan, da bulala aka sa su dasa wannan furen."

Aka sauke ta. Washegari waɗanda suka ba da aikin suka ga zanen, suka ce ko da wasa ba za su karɓa ba. Eom ya dawo yana sosa ƙeya, ita kuwa ta fitar da maehwa mai zagayayyen baki cikin kwana uku.

Ke ce sarkin gani, Malama. Yaya aka yi kika hango abin da mutum goma suka sa wa hannu ba su gani ba? Mun gode, wallahi mun gode, kuma muna jin kunyarki.

Masu tasowa, ku koyi duba abu kafin ku ce to. Ku kuma sani ba kullum ake saka wa mai gaskiya ba. Kwandala dubu ashirin aka buga, babu sunanta ko a ɗaya, kujerar kuwa har yau da take shirin aje aiki ba a mayar mata ba.