Gwangwanin Habu Kar-a-goge

Duk wanda ya taɓa cin kwano ɗaya da Habu ya san bismilla kaɗai ba ta isa a fara loma ba. Ka wanke hannu, ka naɗe hannun riga, ka miƙa, sai ka ji, "Tsaya! Kar ka ɓata shi!" Sai ya zaro waya. Ya ɗauki tuwon daga sama, ya ɗauka daga gefe, ya ce miyar ba ta fito ba, a juya kwanon. Kafin ya gama tuwo ya huce, yunwar ma ta yi fushi ta tafi. In ka tambaye shi me zai yi da hoton tuwon shinkafar da muke ci kullum, amsar ɗaya ce, ku ma kun haddace ta: "Wata rana za a nema."

Kun san ni ba mai magana ba ne a guruf ɗin ajinmu. Abin da ya sa na rubuto muku yau shi ne aikin da aka ba ni. Gwaggo, mahaifiyar Habu, ƙanwar babana ce, don haka taubashina ne, kuma ɗakinmu ɗaya a kwaleji shekara uku. Bayan rasuwarsa da kamar wata ɗaya ta kira ni, ta miƙo mini wayarsa da wani ƙaramin gwangwanin alawa.

Ta ce, "Nasiru, kai ne mai haƙurin dube-dube. Ka nemo mini hoton Auta guda ɗaya in rataye a ɗaki. Na katin makarantar nan ba na so, ya fito kamar wanda aka kama da kazar mutane."

Na ce, "Gwaggo, ai wannan aikin minti biyar ne."

Minti biyar! Memori goma sha ɗaya na tarar a gwangwanin, kowanne a naɗe cikin 'yar takarda da rubutunsa mai kama da tsutsa. Wani an rubuta "Kafin ruwa ya zo." Wani "Ruwa ya zo." Wani "Kifaye da sauran jama'a." Akwai wanda ya rubuta wa "Kar a buɗe, ba komai a ciki." Shi na fara buɗewa. Wallahi gaskiya ya faɗa: hotunan da wayar ta ɗauka da kanta ne a cikin aljihu, baƙi ƙirin, fiye da ɗari. Su ma bai goge ba.

Na sayi sabon littafi na ja layi, ina dubawa ina rubutawa. Da yana nan da ya yi dariya har ya faɗi, don wannan halin ne ya sa yake kirana Sakatare.

A memori na uku na ci karo da tarwaɗar Guri. Wasunku sun san labarin. Saura kwana biyu jarrabawa ya ja ni rakiya garin Guri wai zai karɓo saƙo, muka iske wani masunci ya fito da tarwaɗa mai tsawon ƙafata. Habu ya ɗaga waya, waya ta ce ta cika. Sai na ga yana danne-danne cikin sauri, gumi na tsattsafo masa.

Na ce, "Alhamdulillahi, yau dai za a goge hoton akuya."

Ya ce, "Wace akuya? Takardun lakca na cire."

"Habu! Jibi fa jarrabawa!"

"Sakatare, takardun nan suna wayarka, suna littafinka, suna kanka. Kifin nan kuwa an jima zai shiga tukunya. Wa zai ba ni shi jibi?"

Ranar jarrabawa ya fito yana sosa ƙeya, ya ce tambaya ta biyu a kan kiwon kifi aka yi ta, kuma shi kaɗai ne a ajin yake da hujja a aljihu, amma an hana shiga da waya.

A memorin "Ruwa ya zo" kuma akwai hoton takalmi ƙafa ɗaya yana tafiya a kan ruwa, har guda tara. Ranar za mu ƙauyensu ne ta wajen Auyo, hanya ta yanke, muka hau kwale-kwale, mu shida da babur ɗaya. Habu ya hango zalɓe a kan kacala, ciyawar nan da ta cinye bakin ruwa, sai ya miƙe tsaye.

Dattijon da ke tuƙi ya ce, "Ɗan samari, zauna."

"Baba, daƙiƙa ɗaya."

"Ruwa bai san daƙiƙa ba, zauna!"

Bai rufe baki ba muka ji tsundum! Habu ya ɓace gaba ɗaya, sai hannu ɗaya a sama riƙe da waya, ko ɗigo bai taɓa ta ba. Hannun nan sai kaɗa mini waya yake, wato in karɓa. Na karɓa. Sannan kansa ya ɓullo yana tari.

"Ta jiƙe?"

Dattijon ya ce, "Miƙe tsaye, malam, ruwan iya ƙugu ne."

Ya miƙe, ya goge hannu a hular wani, ya karɓi wayarsa, ya bi takalminsa da hoto har ya sha kwana. Na ce me ya sa bai kamo shi ba, ga shi kusa. Ya ce ai da hannun dama yake ɗauka.

Amma ranar da aka nemi hotonsa da gaske, ita ce ba zan manta ba. Bayan ruwa ya janye, kunyar da ta raba gonar shinkafar da mahaifinsa ya bar musu da ta maƙwabcinsu Baba Idi ta shafe, laka ta daidaita ko'ina. Baba Idi ya ce iyaka daga gindin giginya take, su Habu suka ce a'a, ta wuce giginya da taku biyar. Magana ta kai gaban Bulama mai garin, aka fita gona. Habu ya zo da gwangwaninsa yana tafiya kamar alƙali.

Ya ce mini, "Sakatare, yau za ka ga amfanin abin da kake raina wa."

Ya sa wannan memori, ya cire, ya sa wancan. Mutane na tsaye a rana. Can ya yi tsalle. "Ga shi! Bara waccan, ranar dashe!" Ya miƙa wa Bulama ko dubawa bai yi da kyau ba.

Bulama ya ƙura ido, ya miƙa wa na kusa da shi, ya yi gyaran murya. Ga kunya nan a hoton ɓaro-ɓaro, daidai gindin giginya. Har da Baba Idi a tsaye a kanta yana shan fura.

Na matsa kusa da kunnensa na ce, "Ka ga abin da ka jawo?"

Ya ce, "To ai na ce za a nema. Ban ce mu zai taimaka wa ba."

Da muka koma gida Gwaggo ta riga ta ji. Ta ce, "Kowa ɗansa ya yi karatu ya ƙara masa gona, ni nawa ya rage mini da hoto! Maza ka goge shi, kar in sake ganinsa."

"Inna, ba a gogewa."

"Ni na ce!"

"Inna, ki yi haƙuri, kin fito da kyau a ciki. Ga ki can baya da kwanon abinci."

Ta karɓa ta duba, ta ce, "Wannan zanen ma ina ya shiga?" Shi ke nan, maganar gona ta koma maganar zane.

Mako uku na yi ina wannan dube-duben. Na ga dukanku. Na ga masu barci a lakca baki buɗe, kar ku damu, ba zan faɗi suna ba. Na ga allon kowane malami, na ga kwaɗi, na ga gadar garin nan lokacin da ruwa ya kai mata wuya da lokacin da ya koma ƙasa. Na ga kaina fiye da sau ɗari, kullum kai a sunkuye kan littafi, ban ma san yana ɗauka ba. Amma Habu babu. Ko ɗaya. Sai inuwarsa a kan laka, sai yatsansa a gefen hoto. Na roƙe ku ku turo naku, kuka turo, Allah Ya saka. A kowanne waya ta rufe masa fuska, yana ɗaukar mai ɗaukarsa.

Na fara tunanin abin da zan faɗa wa Gwaggo. Sau biyu tana aiko mini, ina cewa saura kaɗan.

A memori na goma, wanda ya rubuta wa "Laifin Sakatare," na samu. Hoto ɗaya ne tak a ciki, kuma ina gani na tuna ranar. Wata Asabar ce da rana, na gaji da ƙorafin waya ta cika, na zauna na rubuta jerin hotunan da suka maimaitu, na lallaɓa na ɗauki wayar yana cin ɗanwake. Ya ɗago ya gan ni. Ya yi kukan kura ya taso, cokali a hannu, mai a leɓe, yana ihu, "Kar ka goge! Kar ka goge!" Ni kuma don tsoro yatsana ya danna inda ban nufa ba.

Da muka duba, ga Habu ya cika hoton, ido waje, baki buɗe, hannun ya yi dishi-dishi. Na ce, "Wannan kam ko kai ka yarda a goge shi."

Ya daɗe yana kallo, ya ce, "Kai, Sakatare, ka iya ɓata mutum." Sannan ya karɓe wayar. "Bar shi. Wata rana za a nema."

Na kai shagon wankin hoto, mai shagon ya ce bai fito ba, ko ya ɗan gyara bakin? Na ce kar ya taɓa komai. Na kai wa Gwaggo, ban san yadda za ta ɗauka ba. Ta riƙe shi nesa, ta matso da shi, sai ta fashe da dariya har tana dafa bango.

"Shi ne! Wallahi shi ne! Haka yake tun yana goye in za a raba shi da abinsa."

Ta goge ido da bakin mayafi, ta ce in buga ƙusa a saitin gadonta, inda za ta riƙa gani in ta idar da salla. Gwangwanin kuma ta ce in riƙe. Duk mai son hotonsa na barci ya same ni.

Allah Ya jiƙan Habu, Ya sanyaya makwancinsa, Ya ba Gwaggo haƙuri. Abin da ya ƙi yi wa wayarsa, ya Allah Ka yi wa littafinsa: Ka goge kurakuransa duka, Ka adana masa alherinsa har wanda ya yi bai sani ba, ya same shi cif ranar da za a nema. Amin.