Takardar da Malamina Ya Sa wa Hannu

Shekarar da fari ya cinye shanun babanmu na bar Tawa na zo Yamai neman aiki, takardar gama kwaleji naɗe cikin tsohuwar jarida. Ba ni da kowa a birnin sai malamin da ya koyar da ni a lekol, wato firamare, wanda aka maida shi wata ma'aikata a unguwar Plato. A gidansa na unguwar Saga na sauka, ina kwana a zaure.

Wata rana ya dawo da labarin ana neman masu kula da sito a wurin rabon hatsin agaji. Ya zaunar da ni na rubuta takardar neman aikin. Sau huɗu yana yagawa, ko don layi ya karkace ko don na goge kalma. Ya koya mini in ƙwanƙwasa kafin in shiga, kada in zauna sai an ce, kada in amsa abin da ba a tambaye ni ba. Sannan ya rubuta takardar shaida, cewa ya san ni tun ina ƙarami, kuma bai taɓa jin na ɗauki abin wani ba. Muka haɗa takardun cikin dosiye na kai.

Lokacin sojoji ba su daɗe da karɓar mulki ba. Saura kwana goma a kira mu ganawa suka zo da mota da rana tsaka, suka tafi da malam ko hula bai ɗauka ba. Ba wanda ya gaya wa matarsa dalili. Maƙwabta na raɗa cewa ya yi tambaya a wani taro kan inda hatsin ke zuwa.

Ranar ganawa na tarar da wani kapitan na soja zaune da dosiyena a buɗe. Ya gwada ni da lissafi, na amsa. Sai ya ɗaga takardar shaidar da yatsu biyu.

"Wannan da ya sa hannu, me ke tsakaninku?"

A daren da ya gabata na sami saƙo daga gida cewa ƙannena sun koma cin dusa da ganye. Na ce, "Babu komai, ranka ya daɗe. Ya taɓa koyar da ajinmu, muna da yawa. A bakin ƙofa na tare shi na roƙe shi."

"Ina kake kwana?"

"Wurin ƴan garinmu, bayan kasuwa."

Ya dube ni ya jima, ya jefa takardar cikin kwandon shara. "Ka zo Litinin."

Da la'asar na koma Saga na naɗe tabarmata. Matar malam ta fito, ta ce, "Ɗana, kai ma tafiya za ka yi?"

"Inna, wurin aikin da nisa."

Ba ta tambaye ni ko ina ne ba. Ta ce Allah ya ba da sa'a, ta koma ciki.

A wajen Tondibiya, bayan gari, aka ajiye ni, inda mutanen arewa da fari ya koro suka yada zango. Kullum ina buɗe sito, ina kallon mata a layi da ƙoƙo a hannu. Albashina ya riƙe gidanmu, ba mu rasa kowa ba a waccan yunwar. Saga kuwa ban sake takawa ba.

Bayan shekara biyu aka sako malam. Sai da na yi wata guda kafin na iya zuwa gaisuwa. Na same shi kwance a tsakar gida, ƙafafu a kumbure, haƙoran gaba babu. Ya gane ni nan take, ya riƙe hannuna, ya tambayi aiki, ya tambaya ko ina zuwa kan lokaci. Na ce ina zuwa, Malam. Na buɗe baki zan gaya masa abin da na faɗa a gaban kapitan, sai matarsa ta kawo mini ruwa. Na sha, na yi musu sallama.

Kafin damina ya rasu. Ni kuwa a wannan aikin na zauna har na tsufa.