Kar-a-Motsa Ya Sayi Kyamarar Bidiyo

Shekara talatin da huɗu ya yi yana ɗaukar hoto a ɗan shagonsa da ke tsakanin tela da mai sayar da fitilu, kuma ba a taɓa ganin ya danna kyamara bai ɗaga yatsa ya ce "Kar a motsa!" ba. Tun ana ce masa mai hoto har aka koma kiransa da maganar bakinsa. Mutanen layi, abokan ciniki, har surukansa, kowa Kar-a-Motsa yake ce masa. Shi kuma ya amsa da fara'arsa, don a ganinsa kirari ne.

Ya koyi sana'ar ne a zamanin da fim guda ke ɗaukar hoto talatin da shida, wanda ya ƙifta ido kuwa ya ɓata ɗaya ke nan. Saboda haka ya tashi da aƙidar cewa babban abokin gabar mai hoto shi ne motsi. In ka shigo shagonsa zai zaunar da kai gaban labulen nan mai zanen teku da jirgin ruwa, ya gyara maka wuya, ya ɗaga maka haɓa da yatsa biyu, ya ce ka riƙe numfashi. Tela ya sha rantsuwa cewa ya taɓa ganin ƙuda ya sauka a hancin wani dattijo, ya yi yawonsa ya gaji ya tashi, bawan Allah bai ko yamutsa fuska ba.

Idanun kyamara uku gare shi, wato gilasan da ake ɗaura mata a gaba, yana ajiye su cikin gwangwanin biskit da ya shimfiɗa wa tsohon tawul, kowanne da sunansa. Akwai Gajere, mai kwashe ɗaki gaba ɗaya, sai dai duk wanda ya matso kusa sai ya kumbura masa hanci. Akwai Na-tsakiya, wanda ke ganin mutum yadda Allah ya yi shi. Sai Dogo, ɗan gaban goshi, mai jawo na nesa ya narkar da duk abin da ke bayansa. Yana da ƙyalle na musamman da yake goge su. Matarsa ta taɓa goge kofin shayi da shi, aka yi kwana biyu ana gaisawa sama-sama.

Babu gidan da ya sha wannan horo kamar nasa. 'Ya'yansa huɗu sun iya tsayuwar hoto kafin su iya ɗaura takalmi. Matarsa kuwa ita ce ɗalibar da ta fi kowa. Mace ce mai magana da baki da hannu da gira lokaci guda, wadda in tana ninke wanki a falo za ka ji tana musu da mutumin cikin rediyo. "Ƙarya kake, malam! Kana wurin?" Amma da ta hango gilashin kyamara sai ta miƙe wuya, ta haɗe leɓe, ta ɗora hannu kan hannu, ta zama gunki.

Haka aka zauna lafiya har wata ranar da autarsu ta bugo waya. Ma'aikaciyar jinya ce a wani gari mai nisan gaske, da 'yarta mai shekara uku wadda ba ta taɓa ganin kakanninta ido da ido ba. Kiran bidiyo ta yi, aka miƙa wa uwar waya, uwar ta ga ɗan idon kyamara a saman wayar, ta ƙame.

"Baba," in ji Auta, "netwok ne ya tsaya ko Mama ce?"

"Mamarki ce."

"Mama, ki ɗan yi motsi mana."

"Ina yi," in ji uwar ta tsakanin haƙora.

Bayan uwar ta fita, Auta ta rage murya. Ta ce yarinyar ta raɗa wa kakarta suna, Kaka Hoto. Jiya ma ta tambaya ko Kaka Hoto tana da baki. Auta ta yi dariya, amma dariyar ba ta kai ƙarshe ba.

"Baba, ka ɗauko min ita tana motsi. Ko na minti ɗaya ne. Ina so 'yata ta san uwata."

Ya sani sarai ba netwok ne ya daskarar da matar nan ba.

A satin ya sayo kyamarar bidiyo ta hannu, irin wadda idanunsa uku za su hau kanta. Ya koma ɗalibi yana da furfura. Da rana in babu ciniki sai ya jingina waya da gwangwanin biskit yana kallon darussa, yana rubutawa a bayan tsohon kalanda. Kada a dasa mutum a tsakiyar hoto kamar turke, a ɗan ture shi gefe. Haske ya shigo ta taga daga gefen fuska, a tare ɗaya gefen da farin kwali. A girke kyamara kan ƙafa uku, a daina jawo hoto kusa da nesa babu dalili. Jan maɓalli kuwa a danna sau ɗaya ta fara, a sake dannawa ta tsaya.

Da tela ya fara gwaji. Ya saita shi yana taka keken ɗinki, ya ɗaga yatsa, baki ya riga tunani.

"Kar a motsa!"

Keke ya tsaya cak.

"Kai, don Allah ci gaba! Bidiyo ne."

"To kai ka ce kar a motsa."

"Na janye. A motsa!"

Tela ya dubi hannuwansa kamar aro ya yi su. "Wane irin motsi? Shekara talatin kana hana ni, yau ka ce in yi, ai sai ka ba ni lokaci in tuna."

Ranar Asabar da hantsi, lokacin da rana ke shigowa ta tagar falo, ya girke ƙafa uku, ya ɗaura Na-tsakiya, ya jingina farin kwali da kujera. Ya ajiye kwandon wanki da rediyo a inda suka saba zama. Matarsa ta fito cikin kayan da take zuwa unguwa da su, ta dubi kwandon.

"Da waɗannan kayan zan yi ninki?"

"Ke dai ki yi yadda kika saba."

Yana da wata ɗabi'a tun zamanin fim: in zai leƙa kyamara sai ya ture tabarau zuwa goshi. Ba tare da tabarau ba kuwa yana ganin mutum, amma ƙananan alamun da ke gefen allon kyamara ba ya ganinsu ko kaɗan. Ya ture tabaran, ya zaro ƙyallensa, ya hura wa gilashi iska ya goge, ya riƙe kyamarar da ɗaya hannun don kada ta girgiza. Sannan ya koma baya ya danna jan maɓalli.

"Mun fara!"

Ta miƙe wuya. Ta ɗora hannu kan hannu.

"Yi magana mana. Gaida jikarki."

"Sannu."

"Ƙara."

"Sannu da gida."

Ya yi ajiyar zuciya ya danna. "Mun tsaya."

Kamar an ɓalle famfo. Ta ce shi ya mayar da ita haka, yanzu kuma zai zo yana mata ajiyar zuciya. Ta miƙe ta kwaikwayi tafiyarsa, ta ture tabarau na ƙarya zuwa goshi, ta ɗaga yatsa. Shi kansa sai da ya dara. Ya ce to haka yake so, a sake. Ya danna, ta ƙame. Sau bakwai suna haka. A na biyar ya kunna mata rediyo, mutumin ciki ya faɗi abin da a kullum da ta tanka masa, gira kawai ta ɗan yi rawa. A na shida kwali ya faɗi ya lanƙwashe, ya danna ya ce sun tsaya, ya fita neman wani. A na bakwai ya haƙura.

Ya isa shago jiki a sanyaye, ya sa katin kyamarar a tsohuwar kwamfutarsa don ya ga ko akwai abin tsinta. Tela ya biyo shi da tef ɗin awo a wuya, ya tsaya a bayansa.

Abu na farko da ya cika allo hanci ne. Ƙaton hanci, da baki yana hura iska, da ƙyalle yana share duniya.

"Wannan hancin na san shi," in ji tela.

Kar-a-Motsa ya sauke tabarau kan idonsa. Ashe tun yana goge gilashi babban yatsansa ya danne jan maɓalli. Kyamarar ta riga ta fara. Duk inda ya ce "mun fara" kashe ta ya yi, duk inda ya ce "mun tsaya" kunna ta ya yi. Ko "sannu" ɗaya bai ɗauka ba.

"Shekara talatin da huɗu," ya ce yana dafe kai. "Don Allah kada ka faɗa wa kowa."

"Yi shiru, malam, ana kallo."

Ga ta nan a gefen hoto, hasken taga a kumatunta, tana masa faɗa da hannu biyu. Ga ta tana kwaikwayon tafiyarsa, shi kuma rabin kafaɗarsa na rawa don dariya. Ga ta tana rama wa mutumin rediyo maganar da ta haɗiye, da riga a hannu tana kaɗa ta. Sai wurin da ya fita neman kwali. Ta zauna ita kaɗai. Ta waiga ƙofa, ta matso da kujera, ta leƙa idon kyamarar da take zaton a kashe take.

"Ke 'yar nan," ta ce a hankali. "Ni ce. An ce kin ce ba ni da baki, to ga shi, ya fi na uwarki. An kuma ce kin ɗauke min hanci. Ki dawo min da abina, kin ji? Ki zo da kanki ki kawo."

Ta yi dariya ita kaɗai, ta share gefen ido da bakin mayafi, ta mayar da kujera inda take.

Tela ya yi gyaran murya ya ce ya bar ƙarfen guga a kunne, ya fice.

Kar-a-Motsa bai aika ba sai da ya nuna wa mai abin. Ta kalla daga farko har ƙarshe da hannu a baki.

"Haka nake yi da hannu?"

"Kullum."

"Kuma ba ka taɓa faɗa min ba?"

"Ina za a sami wurin saka magana?"

Ta harare shi. Ya ce zai yanke wurin hancin nan na farko kawai, sauran ya tura. Ta ce ai bai isa ba. In za a ga nata, a ga nasa, in ba haka ba a goge duka. Haka aka tura shi, da hanci da komai.

Washegari da yamma waya ta yi ƙara. Kiran bidiyo ne. Ya miƙa mata, ya ga wuyanta ya fara miƙewa, hannu na neman hannu. Sai wata 'yar fuska ta cika wayar, yatsa a kan hanci.

"Kaka! Nawa ne! Ba zan ba ki ba!"

Wuyan ya tsaya a rabin hanya.

"Naki? In ji wa? Ke, kira min uwarki, yau za a yi ta!"

Ta miƙe da wayar tana zagaya falo, hannu ɗaya na sama, hoton na girgiza, taga a bayanta ta mayar da fuskarta baƙa ƙirin. Duk dokar da ya rubuta a bayan kalanda sai da ta karya. Yatsansa ya ɗago da kansa, ya kama shi da ɗaya hannun ya mayar cikin aljihu. Can cikin wayar ana jin Auta tana dariya har da shessheƙa.

Har yanzu Kar-a-Motsa ake ce masa. Sai dai ya liƙa ɗan baƙin tef a kan jar fitilar da ke gaban kyamarar, mai nuna an fara ɗauka, kuma in ya je ɗaukar bidiyo a gidan mutane yakan ɗaura Dogo, ya girke ƙafa uku can bakin ƙofa, ya zaro ƙyalle yana goge abin da ba ya bukatar goga. In an tambaye shi ko an fara, sai ya ce, "Tukuna, ku sha hirarku." Tela ne kaɗai ba ya yarda. Da ya ga ƙyallen nan ya fito sai ya gyara hula.