Goggo a Ajin Malam Zagaye

Matso kusa ka zauna, in ba ka labarin Goggo, ƙanwar mahaifina. Alli ya gama cinye mata yatsu a firamare kafin aka ce mata ko ta kawo digiri, ko ta sauka daga shugabancin makarantar. Da furfurarta ta shiga jami'a, 'yan ajinsu suna kiranta Mama.

Can ta gamu da wani matashin malami da aka laƙaba wa Malam Zagaye, don kullum sai ya sa an ja kujeru an yi da'ira. Ba ya tsayawa gaban allo. Cikinsu yake zama, ya ce, "A nan duk ɗaya muke. Ku musa mini, ku tuhumi littafin, ku tuhumi jami'ar kanta. Wanda ya yi magana yana da maki."

Goggo ta dawo gida tana tsaki. "Wai ɗaya muke, amma jan biron yana aljihunsa. Ni ma na sha ce wa yara su faɗi gaskiya, ba zan doke su ba."

"To, kina dukansu?" na tambaya.

"Kai dai ci abincinka."

Sai ta kama bakinta a aji, ta zuba ido. Ta lura samari kaɗan ne ke ta zuba, kuma sun gano abin da yake so: a caccaki hukuma, shi kuwa ya gyaɗa kai. Rannan ya juyo. "Mama, ba mu taɓa jin muryarki ba. Makinki fa yana zubewa."

Faɗuwa a darasinsa na nufin sauka daga kujerarta. Ta gyara mayafi.

"Ɗana… gafara dai, Malam. Ni da bulala nake sa yara yin shiru, kai da maki kake sa mu magana. Waɗannan 'yan samarin naka ba musu suke yi ba, haddarka suke biya maka. Yau dai na musa maka. Nawa ka ba ni?"

Aji ya fashe da dariya. Malam ya yi murmushin da bai wuce leɓe ba, ya ce, "Na gode, Mama."

Har sakamako ya fito, kullum cikin zullumi take. Da ya fito, ita ce kan gaba, kujerarta ta tsira. Muna murna, ita tana yamutsa fuska. Ashe ta ji cewa yanzu da labarinta yake buɗe wa sababbin ɗalibai darasi, wai shaida ce tsarinsa yana aiki. Tsarinsa na ba da makin magana kuwa yana nan, ko taɓa shi bai yi ba.

"Ya saurare ni ne," in ji ta, "ko kuwa ado ya yi da ni?"

Kai me za ka ce mata?