Tiyon Birkin Na'Allah

A Filinge, in haihuwa ta yi wa mace gardama, ko tsoho ya faɗi aka ce sai babban asibitin Yamai, Na'Allah direba ake kira. Ɗan manoma ne daga wajen Damana, amma gero bai taɓa shiga ransa ba. Tun yana saurayi ƙarar inji ce abin sonsa.

Motarsa tsohuwa ce, sai dai ya sake mata halitta. Ya cire injinta ya sa na wata da ta fi ta ƙarfi, ya ɗaga ta sama, ya sa mata manyan tayoyi don rairayin yankinsu na Kurfai. Da ta yi tsawo, tiyon da ke kai mai ga birki ya gaza kaiwa, sai ya sayo wani a Yamai, mai sheƙi, an naɗe shi da zaren ƙarfe.

Ibrah bakanike, abokinsa na ƙuruciya, shi ya ɗaura. Ya jujjuya shi a hannu ya ce, "Abokina, tiyon ga kyawon ido gare shi. Ban san cikinai ba."

"Mai shagon ya rantse mini na motocin tsere ne," in ji Na'Allah. "Ɗaura kawai."

Ibrah ya ɗaura, suka gwada, motar ta tsaya cak. Aka yi damina aka yi kaka ba abin da ya faru.

Wata ranar kasuwar Baleyara aka kira shi da hantsi. Ƙanwarsa Muna ce, uwa ɗaya uba ɗaya, naƙuda ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, ungozoma ta ce a wuce da ita Yamai. Ya kwantar da ita a baya, ya ba mota wuta yadda bai taɓa ba ta ba.

Gab da Baleyara garken shanu ya cika hanya, makiyaya da mata masu ƙwarya a tsakaninsu. Ya taka birki, ƙafarsa ta tafi har ƙasa ba abin da ya tare ta. Ya sake takawa. Tiyon ya fashe daga inda ya haɗu da ƙarfe, man ya tsiyaye a kwalta. Ya karkatar da sitiyari don kada ya bi ta kan mutane, motar ta faɗa kwazazzabo ta kife.

Ba wanda ya taɓa a kan hanya. Muna kuwa ba ta kai asibiti ba, ita da abin da ke cikinta.

Na'Allah ya tashi da ƙugu a karye, yanzu sai da sanda. Jandarmomi sun rubuta abin da za su rubuta, suka ce tsautsayi ne. Mijin Muna ya zo har gida ya ce, "Yaya, na yafe. Kwananta ne ya ƙare." Na'Allah bai ɗago kai ba.

Ibrah ya daina zuwa. Habsa, matar Na'Allah, ta koma tuyar ƙosai a bakin tasha, da shi suke ci. Mahaifiyarsu a ƙauye ba ta taɓa zarginsa ba, amma tun ranar ba ta ƙara kiran sunansa ba, sai dai ta aiko da gaisuwa ga yara.

Bana Na'Allah ya ce a kai shi Damana ya gwada noma. Ya duƙa da hauya sau ɗaya ya kasa miƙewa, sai da ƙannensa suka ɗauke shi zuwa gindin gawo. Nan ya wuni yana kallonsu suna shuka.