Sunan da Malam Ya Raɗa wa Kare

Wai tsakanina da maigidana Malam wa ya fi wani taurin kai? Shekara bakwai ke nan da rasuwarsa ina juya wannan tambaya, ban samu amsa ba. Ɗiyata da ke rubuta muku wannan, don ni ban yi lakwal ba, wato boko, ta ce kunnen doki muka yi. Ita ba ta zauna gida ɗaya da kare ba, shi ya sa take magana haka.

Shekarun baya can, a Paris muke zaune, kusa da Château Rouge. Malam yana tsaron kantin atamfa na wani Alhaji ɗan Maraɗi, ni kuma ina yin dambun nama da fura, ɗalibai da matan unguwa suna zuwa saye. Ɗakinmu ƙarami ne amma ba ya rabo da mutane. Da kantin ya rufe, Malam ya yi wata da watanni a zaune, ga shi ya ba hamsin baya. Rannan ya shigo ya ce ya samu aikin gadi a Lyon, a wata unguwar masana'antu da ake kira Saint-Fons, in shirya. Na yi kukan rabuwa da ƙawayena da ɗiyata da ke aure a Paris, na ɗaure kaya. Gadi ya ce mini, bai ƙara ko kalma ɗaya ba.

Da muka isa, a gindin benen da za mu zauna muka tarar da wani dogon mutum ɗan Kwango yana jiranmu, riƙe da wani kare kamar ɗan maraƙi, an sa masa takunkumi a baki. Suka gaisa da Malam, ya miƙa masa igiyar. Ni a zatona riƙe masa zai yi ya gyara takalmi. Sai da na ga kare ya shigo asansa, na'urar hawa bene, tare da mu, yana huci a kan zanena, sannan na tambayi Malam ina za a kai wannan abin. Ya dubi silin ya ce ai irin wannan gadin da kare ake yi, kuma karen na mai gadi ne, a gidansa yake kwana.

Wannan fa mutumin da a Damagaram in ya hango kare sai ya tattare riga ya sake hanya.

Ranar ban sauke ko tukunya ɗaya ba. Ya ce malamai sun halatta karen gadi. Na ce gadin garke da gona suka ce, ban ji malamin da ya ce a hau da shi hawa na biyar ba. Na kafa doka: a baranda zai zauna, kwanonsa daban, ba zai taka inda nake salla ba. Dokar ta yi wata uku. Da sanyi ya shigo, wata tsohuwar Baturiya da ke ƙasanmu ta hau ta ce in ta ƙara jin dabbar nan tana kuka a waje za ta kai mu ƙara. Haka kare ya dawo cikin gida, ya samu wuri a lungu tsakanin kicin da ban ɗaki, daidai inda nake wucewa sau talatin a yini.

Abin da ya fi ci mini rai bai tsaya ga gashin da nake sharewa ba. Mutanenmu na Lyon ba su da yawa, kuma labari ya zaga cikin mako guda. Da ƙaramar Salla mata huɗu suka zo gaishe ni, biyu ba su yarda sun zauna ba. Ɗaya ta tambaye ni a hankali ko akwai maƙwabciya Musulma da za ta je ta yi la'asar a wurinta. Na aika dambu gidan wata, aka dawo da shi wai sun ƙoshi. Ni da ake layi a ƙofata a Paris. Na daina dambu, na daina fura. Ban ga laifin Malam don ya nemi abin da za mu ci ba, Allah ya sani. Laifinsa bai gaya mini ba, ya kawo ni ya ajiye, kuma ko sau ɗaya bai buɗe baki ya ce in yi haƙuri ba. In na tayar da maganar sai ya ɗauki igiya ya ce kare na son fita.

Sunan karen Tika Ngai. Da shi ya zo, kuma ba ya jin magana sai da yaren mutanen Kwango, Lingala. Sai ga Malam, wanda shekara ashirin Faransancinsa bai wuce na ciniki ba, yana zaune da 'yar takarda yana haddar yaren Kwango da rubutun ajami. Yaka, wato zo. Fanda, wato zauna. In yana bitar karatunsa har ni nake samun kaina na zauna.

Dogon mutumin nan abokin aikinsa ne, shi ya sama masa aikin, shi ya sayar masa da karen. Yakan zo ran Lahadi ya ci tuwo, Mama yake ce mini, kuma shi kaɗai ne baƙon da ba ya duba ƙasan kwano kafin ya ci. Wata Lahadi na tambaye shi da guntun Faransancina mene ne Tika Ngai. Ya yi dariya har ya ƙware. Ya ce ma'anarsa ƙyale ni. A ƙauyensu, in ji shi, ba a raɗa wa kare suna a banza. Maganar da ba za ka iya faɗa wa mutum a gaban idonsa ba, ita kake sa wa kare, sai ka riƙa kiransa da ƙarfi in mutumin yana kusa. Shi don wani surukinsa ya sa wannan, mai yawan bugo masa waya da buƙatu. Ya lissafa mini na sauran 'yan garinsu masu gadi. Akwai mai kare Keba, wato yi hattara, don shugabansu na wurin aiki. Akwai mai Bakolemba, wato za su gaji, don masu gulmarsa a coci. Na ce ashe ba mu kaɗai muka iya habaici ba. Malam yana gefe yana shan shayi, amma na ga ya kasa kunne.

Bayan shekara huɗu Tika Ngai ya tsufa, ƙafafunsa na baya suka mutu, aka kai shi wurin likitan dabbobi bai dawo ba. Na wanke lungun nan da sabulu sau bakwai, na kunna turaren wuta, har sadaka na yi. Kwana goma sha biyu na yi ina mutum. A na sha uku Malam ya shigo da wani sabo, matashi, baƙi wuluk, wanda bai riga ya saba da suna ba. Ya tsaya a lungu, ya juya fuskarsa wajen kicin inda nake, ya ɗaga murya ya ce, "Limbisa."

Cokali ya faɗi daga hannuna. Na tambaye shi me wannan ke nufi, ya ce suna ne kawai. Na ce mutumin da ya ji bayanin abokinsa da kunnensa ba zai ce mini suna ne kawai ba. Ya ce tunda da Lingala aka hore shi dole a ba shi sunan Lingala. Daga ranar, safe da yamma, sai ya tsaya daidai ƙofar kicin yake kiran karen, ko da kuwa karen na kwance a kan ƙafarsa.

Na tabbata da ni yake. Na yi ta fassara wa kaina: mai mita, masifaffiya, uwar ƙorafi. In ya kira sau ɗaya sai in ƙara gishiri a miya da gangan. Abokinsa kuwa ba zan tambaya ba, don na san kafin in rufe baki ya kai masa. Sai na ce wa Malam kuka da daddawa sun ƙare, kuma ina son ganin jikata, zan je Paris. Na hau jirgin ƙasa, tsohuwa da ni, ina maimaita sunan kare a zuci kamar mai lazimi don kada ya ɓace mini.

A Château Rouge akwai wata 'yar Kwango mai sayar da busasshen kifi mai gishiri, mun san juna tun ina unguwar. Na sayi kifin da ba na ci, na jira mutane suka ragu, sannan na matsa na faɗa mata kalmar. Ta ce ma'anarta yafe, kamar mutum ya ce yafe mini. Na ce ta sake tunani, ko akwai wata ma'anar ta zagi. Ta ce babu, ita ce kalmar da suke roƙon Allah gafara da ita. Sai ta tambaye ni wa ya faɗa mini haka. Da na yi shiru da an wuce wurin. Amma bakina ya riga ni, na ce sunan karen mijina ne.

Matar nan ta ajiye wuƙa ta dafa teburi tana dariya har da hawaye. Ta kira mai kitson da ke kusa, ta kira wani mai sayar da ayaba, aka taru a kaina ana ta yare. Mai kitso ta ce da ita aka yi wa haka da tuni ta narke. Na ɗauki kifina na fita.

Ku kuna tsammanin daɗi na ji? Wallahi haushi ne ya cika ni har wuya. A cikin jirgi ina ta magana ni kaɗai, har Baturen da ke gefena ya sake kujera. Mutum da bakinsa, da Hausarsa, da furfurarsa, ya kasa ce wa matarsa ta shekara talatin ta yi haƙuri, sai dai ya je ya aro yaren Kwango ya liƙa wa kare. Ni ce zan karɓi ban haƙuri daga wutsiyar kare? Kafin mu isa Lyon na yanke shawara. Ba zan nuna na sani ba. Ranar da ya faɗa mini da Hausa, yana kallon idona, ranar zan amsa.

Shekara tara muka yi a haka. Ya bar aiki, ya samu hutun tsufa, na ce to yanzu a mayar wa mutanen Kwango da abinsu, ya ce ba a korar abokin aiki don ya tsufa. Yana tsayawa ƙofar kicin yana kira, ni ina juya tuwo kamar ban ji ba. Ban ƙara kama sunan karen da bakina ba. Wannan abin nake ce masa. Ba wai faɗa muke kullum ba, kada ku ɗauka haka. Muna hira, muna dariya, in ƙafata ta kumbura shi ke shafa mini magani. Wannan maganar ɗaya ce kowa ya zauna a kanta.

Da ciwon ƙirji ya kwantar da shi a asibiti, ni ce ke fita da kare. Ni, da lulluɓina, da igiya a hannu, da leda ina kwashe abin da ya yi a gefen titi, matan da suka ƙi cin dambuna suna gani daga cikin bas. Kullum na je dubiya sai na yi masa mitar wannan.

Wata Laraba da yamma na same shi da sauƙi, har ya sha kunun da na kai. Ya sa na zauna a bakin gado. Ya ce yana da tambaya: kifin nan da na sayo a Paris shekarun baya, ina na kai shi, don bai taɓa ganinsa a miya ba. Ashe mai kifi ta ba 'yan garinsu labari, labari ya bi waya, kuma Bahaushe mai kare Limbisa a duk Faransa guda ɗaya ne. Tun ina cikin jirgi abokinsa ya bugo masa. Shekara tara ya san na sani. Ya ce shi a ganinsa ya faɗi nasa, kullum sau biyu, amsata yake jira.

Da ina da hankali da a nan na ce na yafe. Kalma biyu ce. Amma kunya da haushi suka haɗu suka rufe ni, na miƙe ina gyara mayafi na ce, "Malam, kare ka faɗa wa, ba ni ba. Ni ba 'yar Kwango ba ce. In kana da magana da ni ka san yaren da aka ɗaura mana aure da shi." Na tattara kwanuka na ce zan rasa bas, kuma wannan abin bai ci komai ba tun safe.

Washegari ina cikin dama kunu aka bugo daga asibiti.

Na faɗa a gaban mutane kafin a ɗauke shi, na ce na yafe masa duniya da lahira, shi ma Allah ya sa ya yafe mini. Kowa ya ji ban da shi. Bayan kwana uku karen ya ƙi cin abinci, na tura masa kwano da ƙafa ya kau da kai, sai da na durƙusa na kira shi da sunansa sannan ya taso. Ya ƙara shekara ɗaya da rabi a hannuna. Safe da yamma ina tsaye a lungun nan ina faɗin kalmar da ƙarfi, a gidan da babu kowa sai ni. Har yau in na tuna haushinsa nake ji, sannan in ji nawa ya fi, sannan in yi kuka. Ɗiyata ta ce in faɗa muku darasin da na koya. Ni ban san wani darasi ba. In akwai wanda ke jiran kalma daga bakinku, ku dai kun ji abin da ya same ni.

Ranar Larabar nan, na kai bakin ƙofa da kwanuka a hannu ya kira ni. Ban ma juyo gaba ɗaya ba. Yana dariya ƙasa-ƙasa, irin wadda yake yi in ya san an kama shi, ya ce:

"To shi ke nan, Hajiya, kin ci. Gobe ki zo da wuri, zan faɗa miki da Hausa."